Baƙo Ya Zo Koyon Aikin Wuta, Ɗan Gida Yana Jiran Ofis

Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya



Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takarda cewa mu yi magana a kan ilimi, mun san abin da ake tsammani daga bakin tsohon hedimasta: a sa yara makaranta, a biya kuɗin jarrabawa, a gyara rufin azuzuwa. Duk wannan gaskiya ne, kuma an sha faɗinsa a wannan zaure. Bana muna neman izini mu taƙaita a kan fanni guda, wato koyon aikin wutar lantarki, da kuma 'ya'yan maƙwabtanmu na ƙetare da ke zuwa unguwanninmu domin su koye shi. Dalilin zaɓen kuwa wani abu ne da ya faru a gidanmu.

A damunar da ta wuce soket ɗin ɗakin girki ya fara ƙauri. Muka aika a kira mai gyara, sai maigidan shagon ya turo yaronsa, saurayi da bai fi shekara ashirin da biyu ba. Daga gaisuwarsa muka gane daga ina ya fito, domin Hausar Katsinar Maradi ba ta ɓuya. Mun zaci zai canza soket ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kamar yadda aka saba. Sai ya tambayi uwargida abubuwan da take jonawa a wurin. Aka lissafa masa: hita, firiji, wani lokaci har da dutsen guga. Ya ɗauko guntun takarda ya yi lissafi, ya kwance soket ɗin, ya nuna mana wayar da ke ciki ta yi baƙi, ya ce: “Baba, soket ba shi da laifi. Wayar fitila aka sa muku a wurin wayar soket. In na canza shi yau, watan gobe ma za ku kira ni, in Allah ya sa ba 'yan kwana-kwana za a kira ba.” Da muka bincika, ashe ya yi makarantar koyon sana'a a ƙasarsu, ya taho Kano ne domin ya ƙaro naɗin koyil da haɗa sola, yana kwana a shagon maigidansa. A satin nan kuma wani tsohon ɗalibinmu, mai digiri shekara huɗu a hannu, ya zo neman mu rubuta masa takarda zuwa ga wani babba ko a samu gurbi a ofis. Tun daga ranar muke ta juya waɗannan samari biyu a zuciya.

Zuwan baƙo Kano neman sani ba sabon abu ba ne, kuma ba abin mamaki ba ne. Wangarawa sun iso a zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa, sunayen unguwanni irin su Agadasawa, Zangon Barebari da Tudun Nufawa kuwa sun ishe mu shaida. Abin da ya canza shi ne abin da ake zuwa nema. Wanda ya zaga daga Gyadi-Gyadi ya bi titin Zoo, ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre, ya gangara Unguwa Uku, zai tarar da samari daga Maradi, Tasawa da Damagaram, har da na Chadi da arewacin Kamaru, sun duƙufa a kan fanka, janareta, inbata da wayar hannu. Harshe bai zame musu katanga ba, domin a shago da Hausa ake koyarwa.

Kada kuma mu manta cewa mu ma mun taɓa zama baƙi a ƙofar wasu. A shekarar 1977, muna kwalejin horon malamai, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta fara wani shiri na gaggawa na tura dubban matasa ƙasashen waje, Amurka, Kanada, Ingila, Faransa da wasu ƙasashen gabashin Turai, domin su koyo aikin fasaha na matsakaicin mataki. Ba manyan injiniyoyi aka tura su su zama ba. An gano cewa ƙasa tana da kuɗin mai, tana gina masana'antu, amma ba ta da isassun mutanen da za su tsaya tsakanin injiniya mai zane da lebura mai ɗauko kaya. A wannan shekarar ce aka kafa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna. Giɓin da aka hango a wancan lokaci har yau bai cike ba.

A nan dole mu malaman makaranta mu amsa namu laifin. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarar 1982, an yi odar injuna da kayan aiki daga ƙasashen waje domin koyar da fasaha a ƙananan sakandare. Da idonmu mun ga akwatunan a wata makaranta da ke maƙwabtaka da tamu, shekara da shekaru ba a buɗe su ba, saboda babu wuta a makarantar, babu kuma malamin da ya san yadda ake kafa su. Gara ta cinye katakon, tsatsa ta cinye sauran. Wannan ba laifinmu ba ne. Namu laifin shi ne abin da muka riƙa faɗa wa yara a filin taron safe: “In ba ka yi karatu ba, a gareji za ka ƙare.” Muka mayar da aikin hannu horo ga mai laifi, muka mayar da sana'a makomar wanda ya faɗi jarrabawa. Yaran nan sun ji maganarmu, su ne iyayen yau, kuma da dama daga cikinsu suna zaune a wannan zaure. Alhali makarantar boko ta farko da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, nan kusa da mu, tana da sashen koyar da sana'o'in hannu.

Bari mu ɗan tsaya a kan aikin kansa, domin da yawanmu muna ɗauka cewa aikin wuta filaya ce da sukundireba da rashin tsoro. Wutar da ke shigowa Kano tana isowa babbar tashar Kumbotso da ƙarfin bolt 330,000. A nan ake sauke ta zuwa 132,000 a tura ta tashoshi irin su Ɗan'agundi, a sake sauke ta zuwa 33,000, sannan 11,000, har ta iso taransifomar unguwa, wadda ke ba mu bolt 230 da muke kunna fitila da shi. Kowane mataki a nan yana buƙatar mutumin da ya san abin da yake taɓawa. A cikin gida ma lissafi ne. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. In aka haɗa ta da dutsen guga da firiji a kan siririyar waya mai kaurin 1.5, wadda aka yi domin fitilu, maimakon mai 2.5 ta soket, wayar za ta riƙa zafi a cikin bango ko saman silin inda ba mai gani, robar jikinta ta narke a hankali. Fis an yi shi ne domin ya ƙone kafin gida ya ƙone. Wanda ya maye gurbinsa da ƙatuwar waya don kada ya riƙa yankewa, ya kori maigadi ne ya kwanta barci. Wanda ya jona janareta ba tare da makunnin canji ba yana iya mayar da wuta kan layi, ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton an ɗauke. Wayar ƙasa kuwa, wadda ita ce ke karɓar wutar da ta ɓalle kafin ta bi ta jikin mutum, gidaje nawa ne a Tarauni da Darmanawa aka binne ta yadda ya kamata?

Yaro yana iya shekara biyar a shago, hannunsa ya faɗa, ya iya fasa bango da jan waya, amma ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa dalilin waɗannan abubuwa ba, domin shi ma maigidan ba a nuna masa ba. Ga kuma ɗan makaranta da ya haddace dokar Ohm, ya ci jarrabawa da ita, amma bai taɓa riƙe mitar gwaji ba. Na farko yana iya jawo gobara, na biyu ba ya iya ciyar da kansa. Mun ga gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016, mun ga ta Farm Centre a 2025. Ba mu ne za mu yanke hukunci a kan musabbabinsu ba, amma kowa ya ɗaga kai ya dubi yadda wayoyi suka sarƙe a kasuwanninmu ya san cewa muna zaune ne a kan kariyar Allah kawai.

Hanyar haɗa hannu da sani tana nan, ba sai an ƙirƙiro ta ba. Wanda ya gama ƙaramar sakandare yana iya shiga kwalejin fasaha, irin ta Kano, ta Wudil, ta Ɓagauda ko ta Ungogo, ya yi shekara uku, ya zauna jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Daga nan, ko daga babbar sakandare in yana da kiredit biyar ciki har da Lissafi, Turanci da Fiziks, sai ya bi ta JAMB ya nemi Makarantar Fasaha ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke titin Matan Fada, ko ta Kaduna. Difloma shekara biyu ce, a cikinta akwai watannin sanin makamar aiki na shirin SIWES wanda asusun ITF ya faro tun 1973. Sai shekara guda a masana'anta, sai babbar difloma shekara biyu. Wanda kuma a shago ya tashi, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya. NBTE ma ta fito da tsarin auna abin da mutum ya riga ya iya a ba shi shaida a kai, kuma Kwalejin Fasaha ta Kaduna ta gwada irin wannan haɗin gwiwa da masu sana'a na kasuwar Panteka. Tun 2015 kuma akwai hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu aikin sa wayar wuta. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗauke kuɗin makaranta a kwalejojin fasaha nata tare da ba ɗalibai ɗan alawus. Sanarwa dai daban, cikawa daban, amma ya kamata mu kasance cikin masu zuwa su tambaya.

Ga baƙo kuwa hanyar ta fi tsawo. A shago ɗan gida ne, a ƙofar makaranta sai ya koma baƙo na gaske. Karatunsa da Faransanci ya yi, takardunsa CAP ne ko BEP ko Bakaloriya, kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta auna su kafin a san matsayinsu a nan. Sai ya koyi Turancin da zai fahimci lacca da shi. Ko a hannu akwai bambanci, domin Nijar tana bin salon Faransa mai soket zagayayye, mu kuma muna bin na Ingila mai ƙafa uku, duk da cewa ƙarfin wutar gidaje kusan ɗaya ne. Ga maganar takardun zama: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar kwana 90 ba tare da biza ba, amma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, don haka wanda ya ajiye ɗan Nijar a shagonsa ya dace ya je ofishin shige da fice ya ji halin da ake ciki, kada ya dogara da “ai haka muka saba”. Kada kuma mu ɗauka daga duhu suke fitowa. Maradi tana da tsohuwar sakandaren fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, Yamai tana da makarantar EMIG. Abin da ke kawo su Kano kasuwa ce: yawan injuna, yawan kayan gyara, yawan aikin da hannu zai saba da shi. 'Ya'yanmu ma ai suna tsallakawa Maradi neman digiri.

Me ya sa suke wannan naci? Domin sun ɗanɗana abin da Hausawa ke nufi da kayan aro ba ya rufe katara. Shekaru da dama Nijar tana sayen kaso mai yawa na wutarta daga Nijeriya, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma layin da ya bi ta Katsina ya shiga Gazawa ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka yanke wutar a watan Agusta, ba a mayar ba sai bayan ɗage takunkumi a farkon 2024. A tsakanin nan kowane mai hali ya koma kan sola, kuma a shekarar 2023 ɗin ce tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a kusa da Yamai. Saurayin da ya iya auna batir da faranti da inbata ya san cewa in ya koma gida aiki ne zai riƙa nemansa.

Mu ma haka abin yake a nan, sai dai ba mu lura ba. Mun ga NEPA daga 1972, mun ga PHCN daga 2005, mun ga KEDCO daga 2013, suna yana canzawa, buƙatar ƙwararru tana ƙaruwa. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, an buɗe wata mai megawat 10 a yankin Kumbotso a 2023, dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan a tsakiyarmu, cike da na'urorin da ba sa aiki sai da wuta. Ku da kuke aiko da kuɗi ana yi muku gini a Daurawa, Hotoro da Babban Giji, ku tambayi kanku wa ya ja muku waya, wa ya ɗora muku sola, kuma ɗan wace unguwa ne.

Wani zai ce to a kori baƙi mana, 'ya'yanmu su samu wuri. Wannan magana ba ta da tushe. Ba wanda ya hana ɗan Gyadi-Gyadi shiga shagon da ke ƙofar gidansu. Shi ne ya ga riga mai maiƙo ba ta dace da shi ba, mu kuma muka ɗaure masa gindi. Baƙon nan da ya bar uwa da uba yana kwana a kan benci ya zame wa yaranmu madubi, kuma malamin da ya san aikinsa ba ya fasa madubi.

Saboda haka muna gabatar wa wannan zaure shawara. Asusun ilimi na ƙungiya ya saba tafiya kusan gaba ɗaya ga masu shiga jami'a. Ba mu ce a daina ba. Muna roƙon a ware kashi ɗaya cikin uku domin masu shiga kwalejin fasaha da masu difloma a aikin wuta, kuma wanda ya kammala a ba shi akwatin kayan aiki a bainar jama'a, a wannan zaure, da irin tafin da ake yi wa mai digiri. Kada a raina wannan tafi, yara suna kallon wanda manya ke tashi tsaye dominsa. A sa 'yan mata a ciki. Dukkanmu mun san wahalar shigar da namiji mai gyara cikin gida, sai an jira maigida ya dawo ko an nemo ɗan rakiya. Macen da ta iya gyaran soket, fanka da inbata ba za ta rasa gidajen da za su kira ta ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa shi ne ajin yamma. A roƙi aron aji guda a ɗaya daga cikin makarantun firamarenmu, kwana biyu a mako bayan an tashi daga shago, a koya wa yaran shaguna lissafin wuta, kaurin waya, karanta zane da hanyoyin kare rai, da Hausa, tare da sunayen abubuwa na Turanci domin jarrabawa. A cikinku akwai injiniyoyi da masu babbar difloma. Wanda ya zo hutu ya ba mu yamma biyu. A ƙarshen shekara ƙungiya ta biya wa waɗanda suka dage kuɗin gwajin sana'a. Ba za a yi wannan ba sai da yardar masu shaguna, don haka a fara zama da su, a ba su girmansu, domin su ne suka riƙe wannan sana'a a lokacin da mu masu alli muka juya mata baya.

Kuma muna roƙon a bar ƙofar wannan aji a buɗe ga baƙi, bisa sharaɗin maigidan yaro ya gabatar da shi ga mai unguwa, a san sunansa da garinsu da inda yake kwana. Mun san za a tambaya, don me za a kashe kuɗin 'yan unguwa a kan ɗan wata ƙasa? Amsar ita ce, wayar da yaron nan zai ja a shekaru uku ko huɗu da zai yi a cikinmu, a saman silin ɗinmu take, 'ya'yanmu da jikokinmu ne ke kwana a ƙarƙashinta. Kuɗin da za a kashe a kansa bai wuce alli da benci ba. In ya koma Tasawa ko Damagaram kuma, a Kano zai riƙa sayen waya da batir, wurin mutanen da ya sani.

Mai girma shugaba, muna roƙon a sa waɗannan shawarwari cikin abubuwan da za a tattauna bayan an dawo daga hutun rabin rana, a kafa ƙaramin kwamiti da zai haɗa da mai shago aƙalla guda ɗaya, ya kawo rahoto cikin wata uku. Mu dai ba mu iya riƙe filaya ba, kuma girma ya kama mu, amma mun shekara talatin da biyar muna kiran suna da riƙe rajista. In an buɗe ajin, wannan aikin a bar mana shi.